Robar ƙoda: Abin da ke sa ta damun majiyyaci da hanyoyin samun sauƙi

Kimanin mutum takwas daga cikin kowane goma da likitoci suka sanya wa siririyar roba tsakanin ƙoda da mafitsara kan koma gida da wata sabuwar damuwa, kama daga yawan fitsari da raɗaɗi a mara, zuwa ciwon kwiɓi da ganin jini a cikin fitsari.

Likitocin mafitsara sun daɗe da sanin haka. Robar da kanta ce ke haddasa galibin waɗannan alamomi, akwai magungunan da ke rage su, kuma sukan gushe cikin 'yan kwanaki bayan an cire ta.

Sai dai wannan bayani bai cika isa kunnen majiyyaci ba, musamman wanda aka yi wa aiki a Kano ko Dutse, aka sallame shi ya koma garinsu a masarautar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, a arewacin jihar Jigawa.

Tsakaninsa da likitan da ya sanya masa robar akwai tafiya mai nisa, sau da yawa fiye da kilomita 100. Saboda haka shi da iyalinsa ne za su fara yanke hukunci a kan abin da ya gani, ko na haƙuri ne, ko kuwa na garzayawa asibiti.

Wace irin roba ce?

Kowace ƙoda tana da siririyar magudana da ke sauko da fitsari zuwa mafitsara. Tsawonta a jikin babban mutum ya kai santimita 25 zuwa 30, faɗinta kuwa bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. Idan wannan magudana ta toshe, fitsari kan taru a cikin ƙoda ta kumbura, in kuma aka daɗe a haka sai ta daina aiki.

Domin hana haka ne likita ke zura wani bututu mai laushi, wanda kaurinsa ke kusa da milimita 2, ya bi ta cikin magudanar tun daga ƙoda har mafitsara. Akwai ƙananan huduji a jikinsa, kuma kowane ƙarshensa a lanƙwashe yake kamar ƙugiya, ɗaya na riƙe da ƙoda, ɗaya na kwance a mafitsara. Likitoci na kiransa sitent, ko kuma dabul-je, saboda kamannin ƙugiyoyin biyu da harafin J na boko. Marasa lafiya kuwa roba kawai suke cewa.

Ya kamata a bambanta ta da robar fitsari da kowa ya sani, wadda ke fitowa waje haɗe da jaka. Ita robar ƙoda gaba ɗayanta a cikin jiki take, babu mai ganinta. Wannan shi ne amfaninta, domin mutum zai ci gaba da harkokinsa ba tare da ɗaukar jaka ba, kuma shi ne haɗarinta, kamar yadda za a gani a gaba.

A shekarar 1967 ne wani likita a birnin Philadelphia na Amurka, Paul Zimskind, tare da abokan aikinsa suka ba da rahoton barin bututun roba a magudanar ƙoda na tsawon lokaci. Matsalar bututun farko ita ce zamewa. A 1978 wani likitan Ba'amurke, Roy Finney, ya fito da mai ƙugiya biyu, wanda har yau shi ake amfani da shi a duniya. Sunan sitent kuwa ana danganta shi ne da Charles Stent, wani likitan haƙori na Ingila da ya rayu a ƙarni na 19, wanda bai taɓa yin aikin ƙoda ba.

Su wa ake sanya wa?

Babban dalili shi ne tsakuwar ƙoda. Ana sanya robar kafin a fasa tsakuwa idan ta toshe hanya, ko bayan an fasa ta, domin magudanar kan kumbura bayan shigar kayan aiki.

A arewacin Jigawa zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin salsiyos a watannin Afrilu da Mayu. Manomi da makiyayi da ɗan dako a kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis suna zubar da gumi mai yawa, ruwan da suke sha kuma bai kai abin da suka zubar ba. Fitsari kan yi kauri, gishirin da ke cikinsa ya dunƙule ya zama tsakuwa.

Dalili na biyu shi ne tsargiya, wadda yara ke kamuwa da ita a kududdufai da tafkunan damina. Ƙwayayen tsutsar kan maƙale a bangon mafitsara da ƙasan magudana, su bar tabo. Bayan shekaru, lokacin da yaron ya zama magidanci ya ma manta ya taɓa yin fitsarin jini, tabon kan tsuke hanyar.

A wajen mata kuma, magudanar na wucewa dab da mahaifa, saboda haka takan samu rauni a yayin tiyatar haihuwa mai wahala ko cire mahaifa. Likitocin da ke gyaran yoyon fitsari, irin aikin da ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafawa a babban asibitin Jahun tun shekarar 2008, sun san wannan rauni sosai, kuma roba na cikin abin da ake amfani da shi har magudanar ta warke.

Sauran su ne masu ciwon daji na bakin mahaifa ko na mafitsara da ya danne hanya, da mai juna biyu da tsakuwa ta toshe wa ƙoda, da wanda aka yi wa dashen ƙoda, ko a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda ya fara dashe a 2002, ko a Indiya da Masar.

Inda ciwon ke fitowa

Ƙasan mafitsara, wurin da magudanun biyu ke shigowa, shi ne ɓangaren da ya fi yawan jijiyoyin ji. Aikinsu shi ne shaida wa ƙwaƙwalwa cewa mafitsara ta cika. To a daidai nan ƙugiyar ƙasa ta robar take kwance, tana gogar wurin duk lokacin da mutum ya motsa.

Jijiyoyin ba sa bambance gogar roba da cikar fitsari. Shi ya sa majiyyaci ke jin matsuwa, ya ruga bayi, ya yi ɗan kaɗan, ya fito, bayan minti ashirin matsuwar ta dawo. Wasu kan ji kamar ba su gama ba, wasu kuma fitsarin kan kuɓuce musu kafin su isa. Raɗaɗin ya fi tsanani a ƙarshen fitsari, lokacin da mafitsara ta matse ta rungumi robar, kuma ga namiji yakan sauko har kan gaba.

Idan robar ta yi wa mutum tsawo, har ƙugiyarta ta ƙetara zuwa ɗaya gefen mafitsara, alamomin kan fi yawa. Wannan ne ya sa likita ke duba tsayin majiyyaci kafin ya zaɓi roba, domin akwai ta daga santimita 22 zuwa 30.

Ciwon kwiɓi kuma dalilinsa daban ne. A halitta, bakin magudana na rufewa idan mafitsara ta matse, ta yadda fitsari ba zai koma sama ba. Roba ta bar wannan ƙofa a buɗe. Duk lokacin da mutum ya yi yunƙurin fitsari, wani kaso na bin bututun ya koma ƙoda, sai ya ji suka a kwiɓi ko a baya, ta ɓangaren da robar take. Sukar kan zo tare da fitsarin ta kuma lafa bayan 'yan mintuna. Wanda ya riƙe fitsari har mafitsara ta cika maƙil, ko mai yawan nishi a bayi, shi ya fi jin ta.

Jini kuwa daga gogayya yake fitowa. Kaɗan ne ke rina fitsari mai yawa, shi ya sa yake ba da tsoro fiye da girmansa. Yakan ƙaru bayan aikin ƙarfi, kamar huɗa da noma, da daka, da jan guga a rijiya mai zurfi, ko tafiya a kan babur ta hanyar rairayi, irin wadda ta haɗa ƙauyuka da dama na Sule Tankarkar da Gagarawa da bakin titi. Mutum kan tashi da safe fitsarinsa fari tas, ya dawo daga kasuwa da yamma ya ga ya yi ja. In ya huta ya sha ruwa, washegari sai ya washe.

A nan akwai ruɗani iri biyu da suka shafi wannan yanki. Wanda ya saba jin cewa fitsarin jini tsargiya ce yakan nemi maganinta, alhali roba ce. Wanda kuma ya ji zafin fitsari yakan ɗauka ciwon sanyi ne, har zargi ya shiga tsakanin miji da mata a kan abin da babu hannun kowa a ciki.

Girman matsalar ya fito fili a 2003, lokacin da wasu likitoci a birnin Bristol na Ingila, ƙarƙashin H. B. Joshi, suka wallafa sakamakon tambayoyin da suka yi wa masu ɗauke da robar. Kashi 78 cikin ɗari sun koka da matsalar fitsari, fiye da kashi 80 sun ce ciwo ya shafi harkokinsu na yau da kullum, kashi 58 sun ce ƙarfin aikinsu ya ragu, kashi 32 kuma sun samu matsala a auratayya. Jerin tambayoyin nasu shi ne ma'aunin da masu bincike ke amfani da shi har yanzu wajen gwada kowane sabon magani.

Waɗancan alƙaluma na mutanen da akasarinsu ke da famfo da bayi a cikin ɗaki ne. Ga wanda abincin gidansa ya dogara da ƙarfin damtsensa, raguwar ƙarfin aiki a watan Yuli magana ce ta hatsin shekara. Idan aikin ba na gaggawa ba ne, babu laifi majiyyaci ya tattauna da likita a kan lokacin da ya fi dacewa.

Alamomin da ba a kwana da su

Zazzaɓi shi ne na farko. Mai ɗauke da roba da ya ji zafin jiki ya kai digiri 38, ko rawar ɗari, tare da ciwon kwiɓi ko amai, to a ɗauka ƙwayoyin cuta sun hau ƙoda har sai gwaji ya nuna akasin haka. Ta wannan buɗaɗɗiyar ƙofa da fitsari ke komawa sama, ƙwayoyin cuta ma na bi, kuma daga ƙoda suna iya shiga jini cikin sa'o'i.

Haɗarin a nan shi ne kamanninsa da zazzaɓin cizon sauro, musamman daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da kusan kowane gida ke da mai kwance. Kwana uku ana shan maganin sauro a gida na iya zama kwana ukun da ƙoda ba za ta farfaɗo daga gare su ba. Abin da ya dace shi ne a tafi asibiti mafi kusa, kamar babban asibitin Gumel, a kuma faɗa wa ma'aikacin lafiya tun daga bakin ƙofa cewa akwai roba a ƙoda. Ko da gwajin sauro ya nuna akwai shi, wannan bai kore ɗayan ba.

Game da jini, launi ne ma'auni. Idan fitsari ya yi kamar zoɓon da aka tsinka da ruwa, ana iya hutawa a ƙara shan ruwa. Idan ya yi kauri, ya zo da gudaji, ko gudajin suka hana fitsari fita, wannan na asibiti ne. Haka ma ciwon da ya ƙi jin magani, da rashin yin fitsari na tsawon yini, da kuma fitsarin da ke zuba ba ƙaƙƙautawa ba tare da mutum ya ji ba, domin hakan na iya nuna robar ta zame ƙasa ta wuce maƙogwaron mafitsara. Wani lokaci har bakinta kan leƙo waje.

Magani

Mataki na farko ruwa ne. Likitoci kan ba da shawarar lita 2 zuwa 3 a yini, wato ledar fiya-wata huɗu zuwa shida, fiye da haka ma a bazara. Majiyyata da yawa kan yi akasin haka, su rage shan ruwa don gudun zaryar bayi, sai fitsarin ya yi kauri, zafinsa ya ƙaru, gishirinsa ya kama robar. An fi so a sha kaɗan-kaɗan tun safe, a sassauta bayan magariba domin a samu barci. Banda wanda ƙodarsa ta gaza ko mai ciwon zuciya da likita ya ƙayyade wa ruwa, shi umarnin likitansa zai bi.

Goro da shayi mai kauri da kofi da lemon kwalba masu duhu na ɗauke da sinadarin da ke zaburar da mafitsara, yaji mai yawa ma yakan ƙara wa wasu zafi. Taurin bayan gida na tsananta komai, don haka ganye irin su zogale da rama da kuka na da amfani a wannan lokaci.

A cikin magunguna, wanda aka fi samun hujja a kansa shi ne rukunin da ke sassauta naman magudana da na wuyan mafitsara, kamar tamsulosin, wanda ake sha sau ɗaya a yini, da alfuzosin. Asalinsu na dattawa ne masu kumburin furostet, amma gwaje-gwaje da yawa sun nuna suna rage ciwon kwiɓi da yawan fitsari ga masu roba, maza da mata, kuma ƙungiyar likitocin mafitsara ta Turai ta amince da amfani da su a kan haka.

Suna da nasu sharaɗi. Sukan saukar da jini, mutum ya ji jiri in ya miƙe da sauri, misali daga sujada ko daga shimfiɗa da asuba. Tamsulosin kan rage fitar maniyyi, abin da ke tayar da hankalin magidanta, amma yakan dawo daidai in an daina sha. Sa'annan duk wanda za a yi wa aikin yanar ido ya wajaba ya shaida wa likitan ido cewa ya sha shi, domin tun 2005 aka gano yana sa aikin ya yi wahala.

Rukuni na biyu shi ne masu kwantar da mafitsara ta daina matsewa ba dalili, kamar solifenacin da tolterodine da oxybutynin. Suna taimakawa wajen matsuwa da kuɓucewar fitsari, kuma wasu likitoci kan haɗa su da rukunin farko. Sai dai suna busar da baki, suna taurara bayan gida, suna kuma rage gumi, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai aiki a ranar Gumel. Dattijon da dama fitsari ke yi masa wuyar fita zai iya toshewa gaba ɗaya, kuma ba a ba mai wani nau'i na hawan jinin ido. Akwai sabon magani mai suna mirabegron da ba ya busar da baki kamar su, amma ya fi tsada, kuma bai dace da wanda hawan jininsa ya ƙi sauka ba.

Na kashe ciwo kuwa, farasitamol ne na farko. Diclofenac da ibuprofen sun fi shi ƙarfi a kan ciwon magudana, amma su ne kuma aka fi yin ɓarna da su, domin ana samunsu a kowane kemis da faifan mai talla. Suna cutar da ƙodar da ta riga ta raunana, musamman in jiki ba ruwa, suna kuma tayar da gyambon ciki. Mai ƙoda ɗaya, da wanda aka yi wa dashe, da mai juna biyu, ba su da hurumin shan su sai da izinin likita. Tramadol kuwa sananne ne abin da ya yi wa matasan arewa, kuma ciwon roba na mako uku bai kai a buɗe masa wannan ƙofa ba.

Akwai wani kuskure da har a ƙananan asibitoci ake yi. Gwajin fitsarin mai roba kusan kullum yakan nuna jini da fararen ƙwayoyin jini, ko da babu wata cuta. Idan aka dogara da wannan kaɗai, sai a yi ta ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta zagaye bayan zagaye, ciwon bai tafi ba, ƙwayoyin da ke jikinsa kuma su koyi jure maganin, ta yadda ranar da cutar gaske ta zo ba abin da zai yi aiki. Ana ba da irin wannan magani ne idan akwai zazzaɓi ko wata alama ta cuta, kuma an fi so a shuka fitsarin a ɗakin gwaji a ga maganin da ke kashe ƙwayar. Allurar gentamicin da wasu masu kemis ke yi ba gwaji na iya lalata ƙoda ita kanta. Jiƙo da sassaƙe ma ba su narkar da roba, ba su kuma fitar da ita.

Idan duk wannan bai yi ba, likita kan ɗauki hoto ya duba ko robar ta goce, ya canja ta da gajera ko mai laushi, ko ya cire ta da wuri. Likitoci ma yanzu sun rage sanya ta bayan aikin tsakuwa mai sauƙi da ba a samu rauni ba, saboda an gano yawancin irin waɗannan majiyyata ba su buƙatarta.

Salla da azumi da iyali

Tambayar da majiyyata da yawa ke jin nauyin yi wa likita ita ce ta alwala. Malaman mazhabar Malikiyya sun yi bayani a kan mai ɗigar fitsari ba da son ransa ba, inda suka ce idan ɗigar ta lizimci mutum rabin lokaci ko fiye, ba ta warware alwala. Wanda abin ya shafa sai ya kai wa malaminsa bayanin halin da yake ciki dalla-dalla. Ruku'u da sujada ba su gusar da robar daga wurinta.

Azumi kuwa ya fi buƙatar shawara, domin yini guda ba ruwa shi ne ainihin abin da ke ƙara zafin fitsari da daskarewar gishiri, balle in watan ya faɗo a bazara, kamar yadda ya faru daga 2020 zuwa 2022. Shari'a ta yi wa mara lafiya rangwamen ya sha ya rama, likita kuma shi zai faɗi ko halin majiyyacin ya kai haka.

Roba ba ta hana auratayya in ba an bar mata zare a waje ba, ko da yake wasu kan ji ciwo ko su ga ɗan jini bayan haka. Ba ta kuma shafar haihuwa.

Robar da aka manta

Fitsari na ɗauke da gishiri iri-iri, kuma tun makonnin farko yake fara kama jikin robar, kamar farin ɓawon da ke kama cikin butar da ake dafa ruwan rijiya. Wani bincike da aka yi a birnin Riyadh na Saudiyya, aka wallafa a 1991, ya nuna cewa kashi 9 cikin ɗari na robobin da aka cire kafin mako shida ne suka yi ɓawo. Tsakanin mako shida zuwa goma sha biyu adadin ya kai kashi 47, bayan mako goma sha biyu kuwa ya haura kashi 76.

Saboda haka kowace roba na da wa'adi. Bayan aikin tsakuwa yawanci 'yan kwanaki ne zuwa 'yan makonni. Wanda zai daɗe da ita, kamar mai ciwon daji, akan canja masa duk wata uku zuwa shida. Mai juna biyu kuwa duk mako huɗu zuwa shida, domin tata ta fi saurin yin ɓawo.

Abin mamaki shi ne, wanda robar ta fi damu shi ya fi tsira, domin ciwo zai mayar da shi asibiti. Wanda jikinsa ya saba da ita, ciwon tsakuwar da ya kai shi Kano ya tafi, shi ne ke cikin haɗari. Wani ma bai san an sanya masa ba, domin an yi bayanin ne yana cikin magagin allurar barci, ko an yi wa ɗan rakiya, ko an rubuta da Turanci a takardar sallama da ba wanda ya karanta a gidan.

Ga kuma kuɗin mota da na aiki, ga damina, ga abubuwan da ba su hannun majiyyaci, kamar yajin aikin likitoci, da hana zirga-zirga tsakanin jihohi a 2020 saboda korona. Mutanen Jamhuriyar Nijar da ke bi ta Maigatari zuwa asibitocin Nijeriya sun ga rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sa'annan daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Robar da ke ciki ba ta jiran a buɗe iyaka.

Bayan shekara ɗaya ko biyu, ƙugiyar ƙasa kan zama dutse a mafitsara, ta sama ta zama dutse a ƙoda, tsakiyar kuma ta bushe ta kakkarye. Abin da da za a zare cikin minti biyar sai ya koma tiyata biyu ko uku, har da huda ƙoda ta baya, da kuɗi ninkin-ba-ninkin. Wani lokaci ƙodar ta riga ta mutu, sai dai a cire ta. Idan mutum dama ita kaɗai gare shi, ya shiga layin wankin ƙoda.

Maganin wannan tambayoyi ne kafin barin asibiti: ko an sanya roba, a wane ɓangare, wace rana za a cire, kuma nawa ne kuɗin cirewar, domin a fara tanadi. Ya kamata a rubuta ranar a kati, da Hausa ko da ajami in shi mai gidan ke karantawa, a sa a waya, a kuma shaida wa mutum na biyu a gidan. Wanda aka yi wa aiki a ƙasar waje ba sai ya koma can ba, ana cirewa a asibitin Malam Aminu Kano da asibitin mafitsara na Abubakar Imam da ke Kano, da sauran manyan asibitocin da ke da likitan mafitsara da na'urar leƙa mafitsara. Wanda kuma wa'adinsa ya riga ya wuce, kunyar faɗan likita ba dalilin ƙara wata guda ba ce.

Ranar cirewa

Ga mafi yawan mutane ba a buƙatar allurar barci. Akan sanya man kashe zafi a mafitar fitsari, a zura siririyar na'ura mai fitila, a kama ƙugiyar ƙasa a zaro. Aikin 'yan mintuna ne, mutum kuma ya koma gida a ranar. Idan robar ta ɗan lokaci ce, wasu likitoci kan bar mata zare a waje, wanda ma'aikacin lafiya zai ja ba tare da na'ura ba, sai dai a kula kada zaren ya maƙale a tufafi ko a fizge shi wajen tsarki.

Yana da kyau majiyyaci ya nemi a nuna masa robar bayan an zaro ta, ya ga ƙugiyoyinta biyu, musamman idan an sanya masa a ɓangarori biyu.

Bayan cirewa akan ji zafin fitsari da ɗan jini na kwana ɗaya ko biyu. Wasu kan ji murɗar kwiɓi mai ƙarfi bayan 'yan sa'o'i, saboda magudanar ta ɗan kumbura ta matse, kuma sau da yawa hakan kan riski mutum yana cikin mota a hanyar komawa Gumel. Shi ya sa ake so ya karɓi maganin ciwo kafin ya bar asibiti, in kuma da hali ya kwana a garin. Idan zazzaɓi ya biyo baya, ko murɗar ta wuce yini ba ta lafa ba, sai a koma wurin likita.